Yadda ake koya wa ƙananan yara tarihin mutanen dauri a gida da igiya, yumɓu da kanwa

Yaro ɗan shekara biyar ko bakwai bai san abin da ake nufi da shekara dubu huɗu ba. A wurinsa bara da zamanin Fir'auna duk tafiyarsu ɗaya. In kun zaunar da shi kuna karanto masa sunayen sarakuna, zai haddace don ya faranta muku rai, kafin mako ya zagayo ya zubar. Abin da ya cuɗa da hannunsa kuwa, ya fasa, ya sake haɗawa, wannan yana zama a kansa.

Iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida a nan Bauchi, ko gaba ɗaya ko bayan an taso daga boko da Islamiyya, suna da wata dama babba. Yawancin kayan da mutanen dauri suka yi aiki da su har gobe suna nan a madafinmu da kasuwanninmu. Kanwa, gishiri, ƙaro da igiya duk za ku same su a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti da kuɗi kaɗan. Rabin awa sau biyu a mako ya wadatar, kuma Alhamis da Juma'a, da ba a zuwa makarantar allo, sun fi dacewa.

Mataki na farko: ku ɗaura igiyar zamani

Kada ku tsallake wannan, domin duk sauran ayyukan a kansa za su rataya. Ku sami igiya mai tsawon mita 8, ku ɗaura ta a tsakar gida daidai tsayin yaro. Kowace mita shekara 1,000 ce, kowane santimita shekara 10. Bakin igiyar na kusa da ƙofar ɗaki shi ne yau.

Ku ba yaron tsummoki masu launi ya riƙa ƙullawa. Rayuwarsa duka ba ta kai santimita ɗaya ba. Kakarsa mai shekara 70 tana santimita 7, kusa da samun 'yancin Najeriya a 1960. Kafa garin Bauchi da Malam Yakubu ya yi a 1809 yana wajen santimita 22. Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622 Miladiyya, tana mita ɗaya da santimita 40. Haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, tana mita biyu da 'yan kai. Manyan dalar Giza na Masar suna wajen mita huɗu da rabi.

Sai ku kama hannunsa ku taka har ƙarshen igiyar. A can ne kwalekwalen Dufuna yake, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, maƙwabciyarmu. Masana sun auna shekarunsa sun kai kimanin 8,000, kuma babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, wato kusan tsawon igiyar da yaron ke riƙe da ita. Ku bar shi ya kwanta a ƙasa ya auna mutum nawa irinsa za su cika jirgin. Ina son a fara da Dufuna kafin Masar, don yaro ya tashi da sanin cewa tun kafin a aza harsashin dala akwai masassaƙa a ƙasarmu da suka iya aikinsu.

Mataki na biyu: tono a cikin baho

Da zarar kun ce shekara 8,000, yaro mai wayo zai tambaya: Mama, ta yaya aka sani? Wannan aikin ne amsarsa.

Da dare bayan sun yi barci, ku ɗauki tsohon baho ku shimfiɗa jar ƙasa a gindinsa, ku binne gawayi, ɗan ƙashi da dutse mai santsi. Ku zuba toka a kai, ku binne tsohuwar tukunyar ƙasa ko kasko da kuka fasa gida biyar ko shida, tare da 'yan duwatsun wuya. A sama ku zuba yashi, ku sa murfin kwalba da tsohon kwabo ko wani tsabar kuɗi. Ku yayyafa ruwa ku danne.

Da safe ku ba shi cokali, tsohon buroshin haƙori da rariya. Doka ɗaya ce: ba a ciro abu sai an share gefensa, an zana shi a takarda a inda aka same shi. Zai so ya kifar da bahon ya kwashe komai lokaci guda, ku hana shi cikin lallashi, domin haƙurin shi ne rabin darasin. In ya gama, ku tambaye shi: wanne ya riga shiga ƙasa, murfin kwalba ko gawayi? Ku yi shiru ku bar shi ya yi tunani. Ranar da ya gano da kansa cewa na ƙasa ya girmi na sama, ya kama abin da masu binciken kufai suke dogara da shi a ko'ina a duniya. Daga nan sai ku ƙara masa cewa gawayi da ƙashi da itace ana iya auna shekarunsu a ɗakin gwaji, kuma ta haka aka san shekarun kwalekwalen. Aikin ƙarshe, ya jera gutsattsarin tukunyar ya manne su da gam.

Mataki na uku: yumɓu

In da abu ɗaya kaɗai za ku iya samowa, to ya zama yumɓu. Ku nema a wurin masu ginin tukwane ko a bakin fadama, ku tsince tsakuwa, ku cuɗa da ɗan yashi don kada ya tsage.

Ku fara da mutanen Nok. An fara cin karo da kayansu a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin jihar Kaduna ta yau, kuma sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Sun iya gasa yumɓu, sun iya narka tama su fitar da ƙarfe. Ku nuna wa yaro hotunan kawunan da suka ƙera, ya lura da hudar da ke ido da hanci da baki. Cikin kan fanko ne, kuma hudojin suna barin iska mai zafi ta fita lokacin gashi. Akwai gidajen da ba sa ƙera surar abu mai rai, kuma babu abin da yaronsu zai rasa: ya murza yumɓu siriri ya naɗa shi zobe kan zobe ya tayar da 'yar tukunya, ya yi mata ado da tsinke ko ya gangara totuwar masara a jikinta, ya kuma yi duwatsun wuya ya huda su da tsinken tsintsiya. A shanya a inuwa kwana huɗu ko biyar. Gashi aikin manya ne; in kuna da maginiya kusa, ku roƙe ta ta sa kayan yaron cikin nata, shi kuma ya tsaya daga nesa ya kalla.

Wani makon, da ragowar yumɓun, ku tafi Iraƙi, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furat. Sama da shekara 5,000 da suka wuce mutanen birnin Uruk suka fara rubutu a kan ɗanyen yumɓu, kuma yawancin abin da suka fara rubutawa lissafi ne: tumaki nawa, hatsi nawa. Yaro ya daɓe yumɓu kamar faɗin tafin hannunsa. Ku fere masa karan dawa bakinsa ya yi kusurwa. Dannawa ake yi, ba ja ba. Alama a tsaye ɗaya ce, alama mai kama da kusurwa goma ce. Ku aike shi ya ƙirgo kajin gida ko kwanukan da ke madafi ya rubuta, ya kai wa babansa ko yayarsa su karanta. In sun karanta daidai ba tare da ya buɗe baki ba, ya ga amfanin rubutu da idonsa. Yaron da ke zuwa makarantar allo zai haɗa wannan da alƙalaminsa na kara nan take. Ku kuma nuna masa agogo: mutanen can da sittin-sittin suke ƙirge, kuma daga wurinsu aka gaji minti 60 a awa ɗaya.

Mataki na huɗu: Masar daga madafi

Kowa da dala yake farawa, amma ni na fi son kanwa. Mutanen tsohuwar Masar suna busar da gawar manyansu da wani gishirin ƙasa da suke ɗebowa a busassun tafkuna, dangin kanwar da ake kawo mana daga yankin Tafkin Chadi da Nijar. Sukan rufe gawar da shi kimanin kwana 40. Ku daka kanwa ku gauraya da gishiri daidai wa daida. Ku yanka tumatir ko yalo gida biyu, ku binne rabi a cikin garin kanwar da gishirin, ɗaya rabin ku bar shi haka nan. Ku sa kowanne a roba mai murfi ku rufe. In ba ku rufe ba, iskar hunturu za ta busar da duka biyun, gwajin ya lalace. Bayan mako ɗaya ku buɗe. Ɗaya ya ruɓe ya yi furfura, ɗaya ya yanƙwane ya bushe. Ku tambayi yaron ina ruwan ya tafi, sannan ku kai shi ga kilishi da busasshen kifi da kuɓewar da aka shanya. Ba a ci, ba a taɓa ido, a wanke hannu da sabulu. In ya tambayi dalilin da suke yin haka, ku faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: sun yi imani mamaci zai buƙaci jikinsa, mu kuma ga abin da addininmu ya koya mana.

Sai jigo. Manoman bakin kogin Nilu suna ɗebo ruwa da shi, kuma akwai zanensa a bangon kaburburansu tun fiye da shekara 3,000. Shi ne dai jigon da kakanninmu suka yi lambu da shi kafin injin ban-ruwa ya shigo. Ku kafa sanda mai gwafa a ƙasa, ku gitta doguwar sanda a kai, ku ɗaure curin yumɓu a gajeren gefen, gwangwanin tumatir da zare a dogon gefen. Yaro ya ɗebi ruwa daga kwano ya shayar da 'yar shukarsa. Ku cire curin ya sake gwadawa, ya ji bambancin a hannunsa. In akwai dattijon da ya taɓa jan jigo a unguwarku, ku kai yaron ya gaishe shi, ya ce: Baba, yaya kuke yi a lokacinku?

Mataki na biyar: zanen dutse

Wannan mai sauƙi ne. A niƙa jar ƙasa, farar ƙasa da gawayi dabam-dabam, a dama kowanne da ruwan ƙaro, a tauna bakin ɗan itace kamar asuwaki ya zama abin shafawa. A zana a kan faffaɗan dutse, ko yaro ya tsoma tafin hannunsa ya buga. A jiharmu akwai irin wannan zane na mutanen dauri a duwatsun Geji cikin ƙaramar hukumar Toro da kuma a Shira, akwai kuma a Birnin Kudu ta jihar Jigawa. Shanu suna da yawa a cikinsu, da jan launi. Ku tambaye shi me ya sa mutum zai zana saniya a jikin dutse, ku saurari amsarsa har ƙarshe.

Mataki na shida: littafinsa da fita waje

Ku saya masa littafin zane guda ɗaya. Bayan kowane aiki ya zana abin da ya yi, ya faɗa muku jimla ɗaya ko biyu ku rubuta a ƙasa da kalmominsa, ba naku ba, sannan ya je ya ƙulla sabon tsumma a igiya. Ku liƙa taswirar duniya a bango don ya ɗora yatsa a Bauchi ya ja zuwa Masar da Iraƙi. Hotunan kayan tarihi kuwa, manyan gidajen tarihi na duniya sun zuba su kyauta a intanet. Ku zaɓi biyu ko uku tun kafin darasi, kada ku miƙa masa wayar.

Fita ta fi daɗi bayan an yi ayyukan, ba kafin ba. Mafi kusa ita ce zagayen ƙofofin gari, Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Wambai, a nuna masa inda ganuwa ta bi, a tsaya a maƙera ya ga zugazugi. In hali ya yi, gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana da kayan Nok na gaske. A Yankari, ban da giwaye da ruwan Wikki, akwai kogwannin Marshall da mutane suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da ragowar tsofaffin matoyan narka tama. Ku nemi ɗan rakiya daga ma'aikatan wurin, ku tafi da rani lokacin da hanyoyin dajin suke biyuwa.

Tun daga gida ku gaya masa dokar irin waɗannan wurare: ba a taɓa zane, ba a rubuta suna a dutse, ba a sa ko tsingaro ɗaya a aljihu. In wani abu ya burge shi, ya zana shi a littafinsa ko ku ɗauka masa hoto. Haka nan in garma ta tono wani tsohon abu a gonarku, ku bar shi a inda yake, ku sanar da mai unguwa ko hakimi don a kai maganar ga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.