Yadda Ake Lura Da Nauyin Barcin Majinyaci Bayan Allurar Kashin Baya

Allurar kashin baya ƙasan jiki kawai take kashewa. Majinyaci idonsa biyu, yana jin ƙarar almakashi da hirar likitoci, shi ya sa ake ɗan ba shi midazolam ko propofol don hankalinsa ya kwanta. Aikinka shi ne kada gyangyaɗin ya zarce.

Da farko, tun kafin a ba shi komai, yi hira da shi. Ka ji yadda yake magana, ka san ko kunnensa na da nauyi. Rubuta awon jininsa, bugun zuciya da iskar oksijin.

Sannan ka jira allurar ta gama kamawa. Ita kanta tana sa barci, musamman idan ta hau sama, don haka maganin da zai buƙata ya ragu. Ba shi kaɗan kaɗan, midazolam rabin miligiram zuwa ɗaya, ka dakata minti uku zuwa biyar kafin ka ƙara. Tsofaffi ƙasa da haka ma ya ishe su.

Sai awo. Ma'aunin Ramsay na 1974, mai auna nauyin barci, mataki shida ne, kuma na biyu ko na uku ake nema: ya natsu, ka kira sunansa ya amsa, ka ce "matse hannuna" ya matse. Idan sai ka ɗaga murya ko ka ƙwanƙwasa goshinsa, ya kai na huɗu, tsayar da magani. Maimaita duk bayan minti biyar zuwa goma. Inda akwai na'urar BIS, wadda ke karanta aikin ƙwaƙwalwa daga 0 zuwa 100, ƙasa da 60 barcin babbar tiyata ne. Ni dai na fi amincewa da amsar majinyaci.

Kada na'urar yatsa mai auna oksijin ta ruɗe ka. Wanda aka sa wa oksijin zai iya daina numfashi lambarsa na nan daram na ɗan lokaci. Kalli ƙirjinsa, ƙirga numfashi, saurari minshari. Na'urar auna iskar da yake fitarwa ta fi saurin tona asiri.

Inda aka fi yin kuskure shi ne majinyacin da ya fara mutsu-mutsu, ko hamma, ko tashin zuciya. Hannu kan yi saurin kai wa sirinji don ƙara maganin barci. A'a, fara auna jini, duba oksijin, gwada inda allurar ta kai, domin sau da yawa jini ne ya faɗi. Flumazenil, maganin da ke warware aikin midazolam, da kayan buɗe hanyar numfashi su kasance kusa da hannunka har a fita da shi daga ɗakin tiyata.