Yadda Za Ka Fara Sauraron Jaz Manush, Kiɗan Jita na Romani

Jaz manush ya tashi ne a Faris cikin shekarun 1930, lokacin da kiɗan suwin, wani salon jaz na baƙaƙen fatar Amurka, ya haɗu da na Manush, wani reshe na al'ummar Romani. Jigonsa shi ne Django Reinhardt, haifaffen Beljiyam a 1910. Gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka shanye, shi ya sa da sauran biyun yake danna tsirkiya idan yana zuba kiɗa shi kaɗai. A 1934 shi da Stéphane Grappelli, mai gogen Turawa, suka kafa ƙungiyar Quintette du Hot Club de France: jita uku, goge ɗaya, bes (ƙaton goge mai kaurin murya) ɗaya. Babu ganga, kuma daga nan ya kamata sauraronka ya fara.

Kafin komai, nemi abin saƙalawa a kunne. Faifan wancan zamani suna da shuu, ga shi lasifikar waya tana haɗiye bes, sai ka ji goge kawai yana tsiwa. Sannan ka nemo "Minor Swing" ta wannan ƙungiya, ɗaukar 1937, wadda ba ta wuce minti uku da 'yan daƙiƙu ba. Sau uku za ka saurare ta.

A karon farko, ka ƙyale wanda ke gaba, ka kasa kunne ga jitocin da ke baya. Su ne ke aikin ganga, da wani bugu da makaɗan ke kira "la pompe". Ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na ɗaya da na uku suna da kauri, daga manyan tsirkiyoyi suke fitowa. Na biyu da na huɗu gajeru ne masu kaifi, domin makaɗin yana sassauta hannun hagu da zarar ya buga, sai sautin ya mutu nan take. Yi tafi a kan biyu da huɗu. Yawancin sababbi kan tafa ɗaya da uku, sai kiɗan ya zame musu kamar faretin soja, su ce ba su ji daɗinsa ba. Kada ka wuce wannan mataki sai hannunka ya kama da kansa, ko da zai ci maka saurare biyar.

A karo na biyu, ka bi zagayen. Bayan buɗewa, rakiyar, wato bugun jitocin baya, tana tafiya ne gaɓa 16, kowace gaɓa bugu huɗu, sannan ta koma farko. Django ne ke fara hawa kanta, Grappelli ya karɓa, kuma nan take suke ƙirƙirar abin da suke kaɗawa. Idan ka iya gane inda zagaye ya ƙare, ba za ka ƙara ɓata ba.

A na uku, sai hannun Django. Sautinsa busasshe ne mai ƙara, saboda jitarsa ƙirar kamfanin Selmer mai tsirkiyar ƙarfe da kuma yadda yake dukan tsirkiya ƙasa da ƙarfi. Jitarsa ba ta da amsa-kuwwa a lokacin, dole jita ta ɗaga murya da kanta. Lura da yadda yake girgiza sauti a ƙarshen jimla, da yadda yake yi wa Grappelli ruwan bugu daga baya don ya zuga shi.

Daga nan ka koma "Nuages" ta 1940. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsare Grappelli a Landan, sai Hubert Rostaing ya cike gurbinsa da kilarinet, wani abin busa na Turawa. A hankali take tafiya, kuma a nan ake gane cewa gudu ba shi ne ƙwarewar Django ba.

Sai ka gama da waɗannan za ka shiga na zamani, irin su Biréli Lagrène na Faransa da Rosenberg Trio na Holan. Sautinsu ya fi tsabta, amma gudunsu kan rikita baƙon kunne, wanda ya fara da su yakan ji komai iri ɗaya ne. Idan kana kallon bidiyonsu, ka zuba wa hannun dama na mai rakiya ido. Za ka ga wuyan hannun a sake yake, ba ya jingina da jikin jitar, kuma daga nan kaifin biyu da huɗu yake fitowa.