Darasi na 14: Millie Ta Shiga Birni

A wannan darasi za mu karanta labarin wani tsohon fim na Amurka, mu yi lissafi da shekaru, sannan mu rubuta gajeriyar wasiƙa. Malami ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali. Daga nan kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya. Wanda ya yi tuntuɓe da sunayen baƙi kada ya ji kunya, ya wuce, a dawo masa daga baya.

Zamanin da ake magana a kai

Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare a 1918. Bayansa rayuwa ta sauya a Amurka da sauri. A 1920 mata suka samu 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar. A shekarar ne kuma dokar hana sayar da giya ta fara aiki, ba a soke ta ba sai 1933. Ƙidayar jama'a ta 1920 ta nuna, a karo na farko, mazauna birane sun fi mazauna karkara yawa. Ofisoshi suna neman masu buga tafireta, kantuna suna neman masu jiran kaya, don haka 'yan mata da yawa suka bar garuruwansu suka nufi birni neman aiki.

A cikinsu aka samu waɗanda ake kira flapper. Su ne 'yan gayun lokacin. Sun datse gashi daidai haɓa, sun gajarce riguna, sun kafa ƙaramar hula har goshi, ga jan baki, ga doguwar sarƙar duwatsu a wuya. Suna son kiɗan jaz da rawa. Iyaye da shugabannin addini sun yi ta faɗa a kansu. Wannan yayi bai daɗe ba. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, talauci ya shigo, shagali ya ja baya.

Fim ɗin

A 1967 kamfanin Universal ya fitar da fim mai suna Thoroughly Modern Millie. George Roy Hill ne ya ba da umarni. Julie Andrews, 'yar Ingila, ita ce ta fito a matsayin Millie. Fim ne na barkwanci mai waƙa da rawa, ana cikin magana sai a ɓarke da waƙa, kamar yadda muka saba gani a finafinan Indiya da na Kano. Masu shirya shi ba tarihi suka zauna rubutawa ba. Tsokanar zamanin iyayensu suke yi, cikin raha da ƙauna.

Labarin ya faru ne a birnin New York a 1922. Millie tana tafe a titi, tana kallon 'yan matan birni, tana duba kanta. Kafin waƙar farko ta ƙare ta yanke gashi, ta sauya riga, ta zama 'yar zamani. Ta kuma yanke shawara: za ta nemi aikin sakatariya a wurin mai kuɗi wanda ba shi da aure, ta aure shi. A ganinta soyayya tsohon yayi ce, macen zamani da lissafi take aure.

Ta samu aikin. Shugabanta, Trevor Graydon, kyakkyawa ne kuma gwauro. Amma bai ma lura ita mace ce ba. Saboda ƙwazonta sai ya laƙaba mata sunan namiji, yana kiran ta John. A gefe kuma ga wani saurayi mai fara'a, Jimmy, wanda ya ce shi ɗan tallan 'yan ƙarafan maƙale takardu ne. Millie tana jin daɗin zama da shi, amma tana danne zuciyarta, don ba shi cikin lissafi.

A nan ne daɗin fim ɗin yake. Millie ta sayi kayan wayewa duka a yini ɗaya, amma zuciyarta tana nan yadda ta zo da ita daga gida, mai tausayi, mai kunya, mai son mutane. Duk lokacin da ta yi ƙoƙarin nuna ita gogaggiya ce, sai halinta na asali ya tona mata asiri, mai kallo ya yi dariya kuma ya ƙara son ta. A masaukinsu akwai wani tsohon lif, wato ɗan ɗakin ƙarfen da ke hawa da mutane bene, wanda ba ya motsi sai an taka rawa a cikinsa. Haka Millie da ƙawarta suke hawa bene suna buga ƙafa.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye a wannan aji. A 1922 finafinai ba su da murya. Sai a 1927 fim mai magana ya fara karɓuwa. Kafin nan, idan ɗan wasa ya yi magana, sai a nuna rubutu a kan allo, mai kallo ya karanta. Masu fim ɗin Millie sun kwaikwayi wannan. Wani lokaci sai ta juyo ta kalli mai kallo, sai rubutu ya fito ɗauke da abin da ke ranta. Wanda bai iya karatu ba zai ga ido da fuska kawai, barkwancin ya wuce shi. Ku da kuke haɗa baƙi yanzu, irin wannan dariya ma tana cikin ribar da kuke nema.

Matar masauki

Millie tana zaune a masaukin 'yan mata marasa aure. Mai kula da gidan, Misis Meers, tana da fara'a da daɗin baki. Amma duk baƙuwar da ta zo, sai ta bincika ko tana da dangi. Idan ta gane yarinya marainiya ce, ba mai neman ta, sai ta nuna tausayi a fuska, daga baya ta sa mata maganin barci, a fitar da ita cikin kwandon wanki a sayar. Sabuwar ƙawar Millie, Dorothy, ta ce ita marainiya ce, sai matar ta sa mata ido.

Fim ɗin ya mai da wannan abin dariya, domin dabarun matar kullum kwaɓewa suke yi. Amma a dakata a nan, a tattauna. Masu safarar mutane har yau haka suke zaɓe. Suna neman wanda ya zo shi kaɗai, wanda ba a san inda ya sauka ba, wanda ba ya iya karanta takardar da aka miƙa masa. Abin da ya ceci Dorothy shi ne tana da ƙawar da ta lura ba ta nan, ta tada hankali, ta bi sawu. A Najeriya akwai hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, kuma ana kai mata ƙorafi.

Akwai kuma aibin da bai kamata a ɓoye ba. Fim ɗin ya nuna masu yi wa matar aiki a matsayin 'yan Sin marasa wayo, ya yi wasa da kamanninsu da unguwarsu. Mutane da yawa sun soki wannan, kuma suna da gaskiya. Mai da wata al'umma abin dariya ba raha ba ce, ko da an lulluɓe shi da waƙa.

Ƙarshen labarin ba wuya. An ceto Dorothy. Sai ga shi Jimmy da Dorothy wa da ƙanwa ne, 'ya'yan masu dukiya, sun ɓoye arzikinsu ne don su samu masu son su tsakani da Allah. Millie ta auri Jimmy, Dorothy ta auri Trevor. Carol Channing, wadda ta fito a matsayin matar mahaifinsu, ta ci kyautar Golden Globe, shi kuma Elmer Bernstein ya ci kyautar Oscar saboda kiɗan fim ɗin. A 2002 aka mai da labarin wasan dandamali a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York.

Aikin aji

Ku amsa da baki tukuna, sannan ku rubuta a littafinku.

1. A wane birni labarin ya faru, kuma a wace shekara?
2. Labarin na 1922 ne, an yi fim ɗin a 1967. Shekara nawa ne tsakani?
3. Dokar hana sayar da giya ta fara a 1920, ta ƙare a 1933. Shekara nawa ta yi?
4. Me ya sa Misis Meers take son sanin ko baƙuwa tana da dangi?
5. A cikin waɗannan, wanne ne tarihi, wanne ne ƙirƙirar masu fim: mata sun samu 'yancin zaɓe a 1920, lif mai son rawa, faɗuwar kasuwa a 1929, mai kuɗi yana tallan ƙarafan takarda.

Ku kwafi waɗannan kalmomi sau uku uku, ku lura da lanƙwasar baƙaƙen: ƙuri'a, ƙawa, haɓa, ɗaki, kiɗa, ɓoye.

Aikin gida

Ɗauka cewa 'yarka ko ƙanwarki ta tafi birni neman aiki. Rubuta mata wasiƙa ta layi 5. Fara da sallama, kamar haka: "Zuwa ga 'yata, bayan gaisuwa mai yawa." Ka tambaye ta sunan unguwar da ta sauka, sunan mai gidan, inda take aiki, da lambar wayar mutum ɗaya da za a kira idan ba a same ta ba. Sa kwanan wata a sama da lambobi, sa sunanka a ƙasa. A zo da wasiƙar aji na gaba, kowa zai karanta tasa ga na kusa da shi.