Yadda Ake Koyon Adon Magana da Sarar Turanci Ba Tare da An Yi Kwaɓa Ba

Idan Bature ya ce wa ɗan wasa "break a leg" kafin ya hau dandamali, ba fatan karaya yake masa ba, fatan sa'a ne. Matsalar ke nan: sanin kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba ya kai mutum ga ma'ana, kamar yadda baƙo ba zai gane "ruwa ya ƙare wa ɗan kada" ba ko da ya san ruwa, ya san kada.

Mataki na farko: rage yawa. Jerin nan na adon magana 100 da ake haddacewa a dare ɗaya bai cika zama a kai ba. Ɗauki uku a rana, kuma daga abin da ka ji ko ka karanta. Shirin The English We Speak na BBC yana ɗaukar magana ɗaya ya warware ta cikin 'yan mintuna. Words and Their Stories na Muryar Amurka shi ma haka ya riƙa yi, da Turancin Amurka.

Na biyu: rubuta jimlar gaba ɗaya a littafinka, da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa. A gefe ka sa takwararta ta Hausa in akwai. "Spill the beans" shi ne fasa ƙwai. "Under the weather" kuwa rashin jin daɗin jiki ne, irin na mura. In babu takwara, bayyana ma'anar a sarari, kada ka tilasta.

Na uku, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe: duba matsayin maganar. Ƙamusun Cambridge da Oxford na intanet suna sa alama a gaban kalma, ko ta hira ce, ko sara ce, ko tsohon yayi, ko ta cin mutunci. Karanta alamar kafin ma'anar. "Kick the bucket" da "pass away" duk mutuwa suke nufi, amma na farkon daidai yake da "ya sheƙa barzahu", na biyun kuma "ya riga mu gidan gaskiya". Ka ga wanda ya rubuta wa maigidansa saƙon ta'aziyya da na farko ya gama ɓata rawarsa da tsalle. Haka "raining cats and dogs", wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya: malamai suna son koyar da ita, amma a bakin Turawan yau da wuya ka ji ta.

Na huɗu: tambayi ƙasar. Sara ba ta ƙetare teku yadda take. "Quid" fam ne a Ingila, "buck" dala ce a Amurka. "Pants" wando ne a Amurka, a Ingila kuwa kamfai. Ko a majalisa ma akwai wannan tarko: "table a motion" a Ingila gabatar da ƙudiri ne, a Amurka jingine shi. Turancin Najeriya shi ma da nasa. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmominmu 29, har da "okada" da "Kannywood". Sai dai in ka ce wa ɗan Landan "go-slow" ne ya tsare ka, yajin jan ƙafa na ma'aikata zai ɗauka, ba cunkoson motoci ba.

Na biyar: kada ka taɓa ginin maganar. Aikatau ne ke sauyawa da lokaci, sauran yana nan. Ana cewa "spilled the beans", amma da ka ce "spilled the bean" ko "kicked a bucket", ka koma zancen wake da bokiti na gaske.

Sai bita. Maimaita bayan kwana 1, sannan 3, sannan 7, sannan 30. Manhajar Anki tana tsara tazarar da kanta. Kati na takarda ma ya wadatar, jimla da gurbi a fuska ɗaya, amsa a bayansa.

Wajen amfani kuwa, jira sai ka ji magana sau uku daga bakuna daban kafin ka furta ta, kuma fara da abokai. Ɗaya ko biyu a hira sun isa. A takardar neman aiki da rubutun jarrabawar WAEC, bar sara a waje gaba ɗaya.