Yadda za ka haɗa takardun serbis sibik kana Tawa

Idan ka kammala karatu a jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko Abdou Moumouni ta Yamai, shekara 2 na aikin bautar ƙasa, wato serbis sibik, suna gabanka. Kada ka jira sai sanarwa ta fito sannan ka shiga guje-guje.

Fara da kaziye, takardar da ke shaida kotu ba ta taɓa hukunta ka ba. A kotun yankin da aka haife ka ake neman ta, kuma wata 3 kawai take aiki. In mahaifarka Ƙonni ce ko Madawa, lissafa kwanakin tafiya da kyau, kada ta mutu kafin ranar ajiye dosiye, wato tarin takardun da za ka miƙa. Nan ne matasa da yawa suke tuntuɓe.

Daga nan kwafi takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa da difloma, ka kai ma'aikatar magajin gari a buga musu hatimi. Tafi da na asali, sai sun gani. Tsaya ka duba sunanka harafi bayan harafi: Mahamadou a wannan, Mohamed a waccan, ya isa a maido maka da dosiye.

Sai takardar likita da hotuna, in an nema.

Takardar buƙata kuwa, rubuta ta da hannunka, cikin natsuwa, ka manna tambur. Faɗi fannin da ka karanta ƙarara, domin abin takaici ne mai ilimin noma ya share shekara biyu yana jera takardu a ofis.

Ranar ajiyewa, sake karanta sanarwar ma'aikatar da ke kula da serbis sibik, ka karɓi shaidar ajiya, ka adana kwafin komai a gida.