Yadda Ake Zaɓen Tabarmar Kaba da Kula da Ita

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga tabarmar ka duba ta a hasken rana. Idan haske na ratsowa ta ramuka da yawa, saƙar ba ta matsu ba, kuma ba za ta yi ƙarko ba. Duba ɗinkin da ya haɗa layukan saƙar da kuma bakinta, domin daga nan take fara warwarewa. Mai rini kuwa, goga mata farin ƙyalle mai ɗan laima. In launi ya fito, zai ɓata tufafin masu zama.

Babban abokin gabar kaba shi ne danshi. Da damina daɓen siminti yana tsatso laima, tabarmar da aka bari a shimfiɗe sai ta yi fumfuna ta ƙasa, gara kuma ta samu hanya. A ɗage ta kullum bayan shara, a shanya ta a inuwa mai iska sau ɗaya a mako. Rana mai zafi tana kashe launi, tana sa kaba ta yi ƙamas.

Da hunturu matsalar ta juya: kaba na bushewa har ta riƙa karyewa. Yayyafa mata ruwa kaɗan da hannu, ka bari ta sha iska.

In mai ya zube, kada a cuɗa. A barbaɗa garin sitaci, a bar shi ya kwana, a share da buroshi bisa layin saƙar. A naɗe ta, kada a ninke, saboda wurin ninkin ne ke tsagewa. A ajiye ta bisa katako, nesa da bango.