Yadda Ake Taskace Jaridun Sojojin Amurka Masu Adawa da Yaƙin Biyetnam a Kwamfuta

Daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970, ƙananan sojojin Amurka da yaƙin Biyetnam ya ishe su sun riƙa buga jaridunsu a ɓoye, irin su Vietnam GI wadda tsohon soja Jeff Sharlet ya kafa a 1968, da Fatigue Press ta barikin Fort Hood, da FTA ta Fort Knox. Yawancinsu a takarda mai arha aka buga su, aka raba hannu da hannu, shi ya sa kwafin da suka tsira a yau sun yi rawaya, gefensu yana marmashewa.

Kafin ka ɗauki hoton shafi ko ɗaya, ka duba abin da aka riga aka yi. Ƙungiyar tarihi ta jihar Wisconsin ta sa tarin waɗannan jaridu a intanet, bisa aikin da mai bincike James Lewes ya shafe shekaru yana yi, don haka ƙarfinka ya fi amfani a kan fitowar da ba su samu ba.

Idan jarida ta zo hannunka, ka cire ƙarfen maƙale shafuka da ya yi tsatsa a hankali, ka shimfiɗa shafin ba tare da ka danne lanƙwasarsa da ƙarfi ba. Ka ɗauki kowane shafi da launi, har da bango da gefen da babu rubutu, da ƙarfin hoto na aƙalla ɗigo 300 a inci guda. Asalin hoton ka ajiye shi a tsarin TIFF mai adana ingancin hoto, kada ka gyara shi, sannan ka fitar da PDF domin masu karatu. Manhajar da ke mayar da hoto rubutu tana yawan tuntuɓe a kan tawadar da ta kode, saboda haka sai ka bi sunaye ka gyara da hannu.

A ganina, aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne rubuta bayanin kowace fitowa: sunan jarida, bariki ko garin da ta fito, lamba, kwanan wata, da wanda ya ba da ita. Wasu ba su ɗauke da kwanan wata, wasu kuma sun canza suna bayan an sauya wa masu buga su wurin aiki ko an sallame su. Idan ka ƙiyasta shekara daga labarin da ke ciki, ka rubuta ƙarara cewa ƙiyasi ne.

Ka lura da ɗan tambarin adireshi da ke manne a bayan wasu kwafin, domin sunan wani soja ne wanda wataƙila yana raye. Ka rufe shi a kwafin da jama'a za su gani. Wanda ya yi rubutu da sunan aro, a bar shi da shi sai in ya yarda a bayyana sunansa na gaskiya.

Daga nan ka yi kwafi 3 a na'urori iri 2, ɗaya a wani gari dabam, ka kuma riƙa buɗe su duk shekara domin tabbatar da cewa ba su lalace ba. Takardun asali kuwa a miƙa su ga ɗakin adana tarihi, cikin jakar da ba ta da sinadari mai cin takarda.